Tsagera da Fatar da Aka Raba Biyu

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku matso, ba na ɗaga murya.

Ta zo mu ji ta, Baba.

Wani maharbi ne, sunansa Jatau, yana da kare ana ce masa Tsagera. Karen nan akwai gudu, akwai hanci, amma babu kunne. A ce zo, ya tafi. A ce kwanta, ya miƙe. In maharba sun yi kwanto, shi zai fara haushi, nama ya watse.

Ran nan Sarkin Dawa, shugaban maharba, ya ce, "Jatau, farautar gari saura kwana bakwai. In karenka ya sake kore mana nama, a dajin zan sa masa kibiya."

Jatau na son karensa. Ya tafi wurin maƙeri, aka ƙera abin wuya na ƙarfe mai ƙayoyi. In ya ja igiya, kare ya kwanta. Da ya saki igiya, kare ya shige ƙarƙashin rumbu, ya ƙi fitowa.

Ya tafi wurin boka, aka ɗaura wa kare laya a wuya. Kare ya tsinke ta, ya taune, ya ce, "Gishiri ya yi kaɗan."

Ya tafi wurin wani tsohon baduku, sunansa Barmo. Barmo ya dubi kare, haƙarƙari duk a waje. Ya ce, "Yaro, in kun kama nama, wa ke cin hantar?"

To, a al'adar maharban garin nan, hanta ta karen da ya kama nama ce.

Jatau ya sosa ƙeya, ya ce, "Ai Baba, ni ma ina son hanta."

Tsagera ya ce, "Shekara uku, Baba, ƙamshinta kawai nake ji."

Barmo ya ɗauko wuƙarsa. Ya yanko fatar akuya mai laushi, ya raba ta biyu. Ɗaya ya ɗaura a wuyan kare, ɗaya a hannun Jatau. Ya ce, "Wanda ya saɓa wa ɗan'uwansa, tasa za ta matse. Ku tafi, ina da aiki."

Rana ta fari, Tsagera ya bi kajin maƙwabta. Jatau ya kira, ya ƙi. Fata ta matse, ya dawo yana tari. Jatau ya ce, "Yau ka gamu da gamonka!" Ya ɗaga sanda. Tasa ta matse, sanda ta faɗi.

Rana ta biyu, Jatau ya zauna cin tuwo, ya manta da kare. Hannu ya matse, loma ta ƙi kai wa baki. Sai da ya gutsura ya miƙa wa Tsagera, sannan ta saki.

Rana ta uku, ya kira sau ɗaya, Tsagera ya zo. Jatau ya yi shiru. Fatar hannunsa ta matse.

Ya ce, "Yau kuma me na yi?"

Tsagera ya ce, "Maigida, na zo, ba ka ce komai ba."

Jatau ya shafa kan Tsagera, ya ce, "To, madalla." Fata ta saki.

Ranar farauta ta zo. Suka ƙetare rafi, ruwa har ƙirji, suka yi kwanto suna jiran gwanki. Jatau ya raɗa, "Kwanta." Tsagera ya kwanta. Sarkin Dawa na gefe, kibiya a kan baka, ido ɗaya a daji, ido ɗaya a kan kare.

Sai ga zomo, tsalle tsalle. Ya ce, "Tsagera, yau ƙafa ce ke ciwo?"

Tsagera ya kau da kai.

Zomo ya dawo, ya ce, "An ce ka zama tunkiya, ashe gaskiya ne."

Tsagera ya zuba masa ido. Bai motsa ba.

Zomo ya dawo na uku, ya goga masa wutsiya a hanci. Tsagera ya dubi Jatau. Jatau ya dafa bayansa. Tsagera ya kwantar da kai a ƙasa.

Gwanki ya fito. Kibiyar Jatau ta same shi, ya zabura. Jatau ya ce, "Kama!" Tsagera ya tashi kamar iska, ya kayar da shi.

Aka feɗe. Jatau ya ɗauki hanta, mai ɗumi, mai maiƙo. Ya haɗiye yawu. Ya miƙa wa Tsagera duka.

Sarkin Dawa ya mayar da kibiya cikin kwari, ya ce, "Wannan kare ya natsu."

Jatau da Tsagera suka ɗauki cinya guda suka kai wa Barmo. Jatau ya durƙusa, ya ce, "Baba, mun gode, mun gode. Fatarka ta ceci ran karena. Allah ya saka da alheri."

Barmo ya ce, "Wace fata?"

Jatau ya dubi hannunsa, babu. Ya dubi wuyan Tsagera, babu. Ashe tun a rafi ruwa ya tafi da su, ba wanda ya lura.

Tsagera ya matso ya lashi ƙafar tsoho. Barmo ya ce, "Ya isa haka. Ajiye cinyar can."

In kana son dabba ta ji maganarka, ka ba ta haƙƙinta, ka yaba mata in ta yi daidai. Wanda ya koya maka haka kuma, kada ka je masa hannu sake.

Ƙurunƙus, kan ɓera ya ƙone. Ku tashi, na gaji.