Telan da ya bar mahaifinsa kwance a gefe ɗaya

Akwai wani tela da na sani, mai ibada ƙwarai. Carbi ba ya barin hannunsa, har abokan ɗinkinsa suka laƙaba masa Mai Carbi. Ban taɓa jin ya zagi kowa ba. Amma ya yi wani kuskure da har yau in ya tuna sai idonsa ya kawo ruwa.

Mahaifinsa, tsohon direba, ya samu shanyewar ɓarin jiki. Baki ya karkace, magana ba ta fita. Da za a sallame su daga asibiti, likita ya ja musu kunne: a riƙa juya shi duk bayan awa biyu. In ba haka ba bayansa zai yi gyambo, kuma gyambon kwanciya in ya ci ya kai ƙashi, sai dai wani ikon Allah.

Suka raba aikin shi da ƙanwarsa. Ita safe, shi daga azahar zuwa magariba. Aka ba tsohon cokali, in yana son wani abu ya buga ƙarfen gado.

To, Mai Carbi ya ɗaukar wa kansa wuridi mai tsawo na nema wa Baba lafiya. Da ya rufe shago da azahar ya dawo gida sai ya shimfiɗa darduma a falo. In cokali ya yi ƙara ya ce yana zuwa, saura kaɗan. Kaɗan ɗin nan kuwa takan kai awa uku.

Bayan mako biyu cokalin ya yi shiru. Bawan Allah har daɗi ya ji, wai addu'a ta fara ci.

Ran nan wata tsohuwar nas, maƙwabciyarsu, ta shigo dubiya. Tun daga bakin ƙofa ta ji wari. Ta juya tsohon ta ɗaga rigarsa. Ciwo ne kamar faɗin tafin hannu, yana ruwa. Ashe ƙanwar ta ga wurin ya yi ja, ta ɗauka ƙurajen zafi ne, tana ta shafa hoda.

Nas ta tambayi wa ke juya shi da rana. Mai Carbi ya ce shi ne, sai dai wani lokacin wuridi kan riƙe shi, kuma ai Baba ya daina kira.

Nan ƙanwar ta fashe da kuka.

"Yaya, na tambaye shi me ya sa ya daina buga cokalin. Ya nuna falo, ya ɗaga hannunsa mai lafiya kamar mai addu'a, sannan ya ɗora yatsa a baki. Ba ya son ya katse maka ibada ne."

Mai Carbi ya zauna a ƙasa. Kwana da kwanaki tsoho yana soyuwa a gefe ɗaya, yana haɗiye zafi, don kada ya dami ɗansa.

Nas ta dube shi ta ce, "Ɗana, addu'arka tana da kyau. Amma wanda kake roƙo shi ne ya ba ka hannu biyu. Tashi in nuna maka."

Ta koya masa: a naɗe hannun mara lafiya a ƙirji, a lanƙwasa gwiwa, hannu ɗaya a kafaɗa, ɗaya a ƙugu, a juyo shi a hankali, a sa matashi tsakanin ƙafafu. Zanin gado kada ya tattare ko kaɗan.

Ya kwashe keken ɗinkinsa ya kawo ɗakin Baba. Bai bar zikiri ba, sai dai yanzu yana yi ne hannunsa na cikin ruwan ɗumi, yana wanke ciwo, yana canza zani.

Sai da aka yi wata biyu da 'yan kwanaki. Ranar da nas ta cire bandeji ta ce ciwo ya rufe, tsohon ya lalubo kan ɗansa da hannunsa mai lafiya. Ya daɗe yana kokawa da harshensa, kafin kalma ɗaya ta fito.

"Albarka."

Darasi: Kada ka nemi kusanci da Allah har ka tsallake wanda ya kwantar a gabanka. Juya mara lafiya, wanke masa jiki, amsa kiran iyaye, duk ibada ce. Ku tura wa duk mai jinyar wani a gida, ya san aikinsa ba ƙarami ba ne.