Maginin da Ba Shi da Ɗaki

An yi wani sarki a birnin Ƙwarin Giginya, ana ce masa Sarki Barmo, mutum ne mai tausayi, wanda abinci ba ya yi masa daɗi in ya ji wani talakansa ya rasa makwanci. A zamaninsa kasuwar birnin ta bunƙasa, 'yan dako da majema da masu wanki suka yi ta kwararowa daga ƙauyuka, har ɗakin da a da ake ba baƙo don Allah ya zama sai da haya mai tsada. Da kuka ya yi yawa, wazirinsa Zailani, dattijo mai ilimi da natsuwa, ya ba da shawara a riƙa taimaka wa kowane mai ƙaramin ƙarfi da sulusin hayarsa daga baitulmali. Sarki ya yi murna, aka zartar.

Shekara ta zagayo, sai ga kuka ya fi na da. Sarki ya kira waziri a gaban fadawa, ya ce: "Ya kai waziri, na buɗe baitulmali bisa shawararka, dukiya ta fita, amma ban ga sauƙi ya shiga gidan kowa ba. Na ba ka kwana bakwai ka gano mini inda ta sauka. In ka kasa, ka ajiye rawaninka."

Waziri ya binciki ma'aji, ya binciki masu unguwanni, bai sami wanda ya ci amana ba, domin kowane talaka ya karɓi rabonsa a hannunsa. Al'amarin ya dame shi ƙwarai. A rana ta shida, bayan an ɗauke ruwan hantsi, ya sa tufafin talakawa ya bi lungunan bayan marina shi kaɗai, sai ya tarar da wani tsoho zaune kan ƙunshin kayansa a ƙofar wani gida, matarsa tana shanya tabarmarsu da ta jiƙe. Ya yi sallama, ya zauna kusa da shi. Tsohon ya ce sunansa Jibo, magini ne, shekara arba'in yana ɗora tubali a birnin nan, ya gina soraye da zauruka ba adadi, amma bai taɓa mallakar inda zai kafa ƙusa ba, kuma yau aka fitar da su.

Waziri ya tambaye shi ko taimakon sarki bai iso gare shi ba. Jibo ya yi murmushi mai ciwo, ya ce: "Ya iso, malam, Allah ya saka wa sarki da alheri. Amma watan da aka fara ba mu sulusi, a wannan watan ne masu gidaje suka ƙara sulusi. Kawuna sun yi yawa, ɗakuna sun yi kaɗan. In na ƙi, goma na tsaye a bayana. Mu dai dako muka yi wa dukiyar, daga fada zuwa gidan mai gida."

Waziri ya tambaye shi ko gidan wa ne wannan. Jibo ya ce ai na Waziri Zailani ne, sai dai shi bai taɓa ganinsa ba, wakilinsa kawai ya sani. Kunya ta rufe waziri, domin ya tuna yadda wakilin ya riƙa kawo masa riba mai yawa a bana, shi kuwa bai taɓa tambayar daga ina ba. Da ya nemi magani, tsohon ya ce akwai gandun sarki a cikin ganuwa wanda ya shekara bakwai ba a noma ba. In an ba da fili da azara, laka tana kududdufi, hannuwa kuma suna jikin talakawa.

Kashegari waziri ya zo fada riƙe da hannun Jibo, ya cire rawaninsa da kansa, ya ce: "Allah ya ba ka nasara, na gano inda dukiyarka ta sauka, wani kasonta ma yana cikin taskata. Ga wanda ya buɗe mini ido." Ya bayyana komai bai rage ba, ya mayar da abin da ya shigo masa, ya roƙi a yanka gandun a gina ɗakuna masu sauƙin haya, taimakon kuwa a bar wa tsofaffi da marasa lafiya, alƙali yana sa ido kada a yi musu ƙari.

Sarki ya umarci waziri ya mayar da rawaninsa, yana cewa wazirin da ya kawo ƙarar kansa ya fi ƙarfin a sauke shi. Ya amince aka yanka gandun, ya naɗa Jibo Sarkin Magina, ya ba shi gidan farko da aka rufe wa azara. Kafin damina ta biyu mutane sun tare a gandun, hayar cikin gari ma ta sauko da kanta.

Masu hikima sun ce, ba a auna adalcin sarki da abin da ya fita daga taskarsa, sai da abin da ya zauna a hannun mai rauni.