Kyanwar da Aka Kai Tsibiri

Akwai wani masunci da yake zaune a wani ɗan tsibiri can kudu, a tsakiyar teku. Tsibirin cike yake da waɗansu tsuntsaye masu haƙa rami a ƙasa, su saka ƙwai ɗaya tak a shekara. Ba su san tsoro ba, gama ba dabbar da ta taɓa farautarsu a can. Da safe sukan fita teku neman abinci, da yamma su komo. Masuntan wurin ba su da wata alamar hanya sai su. In hazo ya rufe teku, mutum yakan jira yamma, ya bi bayan tsuntsayen, sai ga shi a gida. Domin haka kakanninsu suka hana a kawo kyanwa tsibirin.

Ana nan, ɓeraye suka addabi busasshen kifin mutumin nan. Ran da ya haye zuwa kasuwa, ya ɓoye wata kyanwa a kwando, ya kawo ta gida. Ƙanensa, wanda shi ma masunci ne mai iyali, ya gan ta, ya ce, "Yaya, ka mai da ita inda ka samo ta. Ka san dokar iyayenmu."

Ya ce, "Kai dai ka cika tsoro. Guda ɗaya ce fa, a ɗaki zan rufe ta."

Ashe tana da ciki. Kyanwa kuwa ba wawiya ba ce. Me zai sa ta sha wahalar bin ɓera, ga 'yan tsuntsaye kwance a rami, ba gudu ba tashi? Ita da 'ya'yanta suka bazu cikin tsibirin. Kafin shekara uku, ramukan sun zama kufai, tsuntsayen da suka ragu kuma suka yi ƙaura.

Wata rana ƙanen ya fita kamun kifi shi kaɗai, hazo ya sauko ya rufe teku. Da yamma mutumin ya tsaya a bakin gaɓa, yana ta kira har muryarsa ta dushe. Matar ƙanen tana gefensa, ta ɗaga kai ta dubi sama, ba ko fiffike ɗaya. Ta ce, "Yaya, me zai bi ya zo gida?"

Ƙanen bai komo ba, ko kwalekwalensa ba a gani ba.

Ma'anar wannan misali ita ce, kyanwar nan zunubi ce, irin wanda mukan shigar gida da hannunmu don mu yi maganin wata damuwa. Wani ƙarya ce, wani kwalbar giya, wani fushi. Damuwar gaskiya ce, ban musa ba. Amma zunubi ba ya zama inda aka ajiye shi, ba ya kuma cin abin da aka kawo shi ya ci. Gaskiyarka yake ci, da addu'arka, da shaidarka, wato abubuwan da Ubangiji ya sa a rayuwarka domin waɗansu su gani su sami hanya.

Abin da ya fi ba ni tsoro, 'yan'uwa, shi ne, ba mai kyanwar ne ya ɓata ba. Yau ɗin nan akwai wani naka da ya rasa hanya, kai yake dubawa. Ka tuba tun yana da sauran ƙarfin tuƙi.