Layi Ɗaya a Kan Malam Jatau

Ku kife wayoyin nan ku ba ni kunnuwanku. Ga ta nan gare ku, kuma ba mai tashi sai ya ba ni amsa.

A Dutsen Maƙera akwai wani tsohon hedimasta, Malam Jatau. Shekara arba'in da suka wuce rufin aji ya rufta a makarantarsa, yara biyu suka rasu. Kun dai san kundin sanin nan na intanet da kowa ke iya rubutu a ciki. To, rana ɗaya sai ga layi a shafin garin, wai an gargaɗi Malam a kan rufin ya yi kunnen uwar shegu. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta ce ranar Asabar za ta cire sunansa daga makarantar. Shi kuwa yana kwance, asibiti ma sun ce a koma da shi gida. Wallahi abin ya ci min rai, don na san mutumin.

'Yarsa Uwale ta goge layin, aka mayar, wai wata jarida ta buga shi. Ta rubuta musu, "Dattawan gari na nan da ransu, ku tambaye su mana." Aka ce dokar kundin ba ta karɓar an ce ka ce, sai abin da aka buga. Sai ta kai kukanta ga mutum uku masu gyaran kundin, duka ɗaliban mahaifinta ne a dā.

Haladu ya bi tarihin shafin gyara bayan gyara, har idonsa ya yi ja. Ashe wani marar suna ne ya fara sa layin, bayan wata biyar ɗan jarida ya kwafe shi daga kundin, daga baya aka kafa hujja da jaridar. Wanda ya liƙa jaridar kuwa Haladun ne da kansa, da kyakkyawar niyya. Yana iya yin shiru, amma ya tona kansa a gaban kowa.

Mamuda mai zafin kai ne. Tun farko ya yi ta goge layin ana mayarwa, har aka hana shi taɓa shafin. Ya sa takalmi ya hau mota zuwa babban birni, ya kwana biyu yana tonon ɗakin ajiye takardu. Can ya samo bugaggen rahoton kwamitin bincike na wancan lokaci. Sau uku Malam ya rubuta wa ofishin ilimi yana roƙon a gyara rufin.

Zubairu shi ne mai ikon kulle shafi, shi ne ma ya hana Mamuda taɓa shafin. Uwale ta same shi tana kuka ta ce, "Yaya Zubairu, Baba fa ya koya maka riƙe alƙalami." Ya ce, "Idan na goge don shi, gobe wani zai goge don nasa." Ni ma a lokacin na ji haushinsa. Amma da hujjoji suka iso ranar Juma'a, shi ya tantance, ya gyara, ya kulle shafin. Ƙungiya ta janye ne kawai don kowa ya san Zubairu ba ya yi wa ko uwarsa alfarma.

Da la'asar Uwale ta karanta wa mahaifinta sabon layin. Da ta gama, sai ya ce, "Wanda ya wanke ni, shi nake so ya riƙe kaina idan za a sa ni a kabari." Bai ambaci suna ba, ba a kuma wayi gari da shi ba.

Ga makara an sauke a bakin kabari, rana tana yi, liman yana jira. Su ukun suna tsaye, kowa ya sunkuyar da kai, ba wanda ya matsa.

To, ku da kuke zaune, wa za ku tura ya riƙe kan Malam?