Ƙuri'a Uku, Masu Jaje Cike da Zaure

An yi wani mutum a wani gari, wani bawan Allah mai facin keke, Ilu sunansa. Ba shi da komai sai 'yar rumfa a jikin katangar Alhaji Barmo, kansilan unguwar. Da ita yake ci da iyali.

Zaɓe ya zagayo, Alhaji yana neman komawa. Ya sa aka dafa shinkafa, unguwa ta ci ta suɗe hannu, kowa yana rantsuwa ƙuri'arsa ta Alhaji ce. Aka zo kan Ilu. Ku saurara!

Ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, ba zan ci ba, don ba kai zan zaɓa ba. Burtsatsen da ka yi mana alkawari, har yau jarka muke ɗauka."

Alhaji ya ce, "A jikin katangata? To, a gama zaɓe, ka kwashe tarkacenka."

Ilu ya tsorata ƙwarai. Matarsa ta ce, "Malam, ai kai kaɗai kake shiga lungu ka dangwala! Wa zai gan ka? Ka ce masa to mana!"

Ya ce, "Shi dai ba zai gani ba."

Ranar zaɓe aka yi layi, aka duba kati, kowa ya shige ya dangwala, ya ninke takarda ya jefa a akwati. Da aka tashi, aka zazzage akwatin a gaban jama'a, ana ɗaga ƙuri'a ɗaya-ɗaya ana ƙirgawa da ƙarfi. Alhaji Barmo, uku. Uku, jama'a! Ɗaya ma tasa ce.

Bayan la'asar zaurensa ya cika maƙil da masu jaje. Kowa yana miƙa babban yatsa mai tawada: "Wallahi Alhaji, ina cikin ukun!" Har da mai hawaye.

Alhaji ya dubi yatsu, ya dubi yatsu, ya ce a kira Ilu. Ilu ya zo, ya riga ya ɗaure famfonsa da gam a buhu.

Alhaji ya ce, "Kwance kayanka. Duk unguwar nan kai kaɗai na san inda ka dangwala. Ba ni da wanda zan tambaya gaskiya sai kai."

To, 'yan uwa, an ɓoye ƙuri'a ne don kada a tsorata ku, ba don ku samu wurin yin ƙarya ba. Ka zaɓi wanda ka yarda da shi. In an tambaye ka, faɗi gaskiya ko ka yi shiru. Lungun nan yana kare ka daga idon kansila, amma Allah yana ganin yatsanka.