Kaskon Tasalla a Gaban Alƙali

An ce wai a wani gari an yi alƙali, Malam Hambali, wanda ba ya yanke hukunci sai ya ga abin da ke ƙarƙashin magana. Wata rana aka kawo masa ƙarar da ta fi ta filaye da gado nauyi.

Wani baduku mai suna Jatau ya rasu bayan doguwar jinyar ciwon sukari. Da matarsa Tasalla ta fita takaba, sai yayarsa Kande ta yi ƙararta, tana neman a karɓe 'ya'yan marigayin biyu daga hannunta.

Kande ta ce, "Allah ya gafarta Malam, shekara guda matar nan ba ta tuƙa wa ƙanena tuwo ba. Ganye take ba shi kamar akuya. Wadda ta kashe miji da yunwa, a bar mata marayu?"

Jama'a suka gyaɗa kai, domin a garin nan ko rago mutum ya cinye, in bai sa loma a miya ba, cewa ake da yunwa ya kwana.

Alƙali ya tambayi Tasalla abin da take dafa wa mijinta. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Likita ya hana shi tuwo da shinkafa da rogo da fura. Sai in soya nama da albasa, in shimfiɗa kabeji da alayyahu da yalo a kasko, in zuba naman, in fasa ƙwai a kai. In rufe, in ɗora garwashi bisa murfin har ya gasu. Naman nan shi kaɗai nake sa wa, mu da yara kuka muke kaɗawa."

Malam Hambali ya ji gaskiya a muryarta, amma ya san gaskiyar da ba shaida ba za ta rufe bakin gari ba. Sai ya murtuke fuska, ya juya wajen Kande.

"In yunwa ce ta kashe shi, ke ma da laifinki. Gidanki na kallon nasa. Shekara guda ɗan'uwanki na ramewa, ba ki taɓa kai masa ko loma ɗaya ba?"

Kande ta zabura. "Ni? Wallahi kullum in ta tafi lambu tsinko ganyenta, tuwon dawa nake kai masa cikin mayafina, da fura mai sukari! Da hannuna nake ba shi!"

Maganar na fita ta ji abin da bakinta ya faɗa. Sai ta zauna a ƙasa. Alƙali kansa ya ji zuciyarsa ta karaya, don tarkon da ya ɗana ya kama tsohuwa mai ƙauna, ba azzaluma ba.

Ya tambayi Tasalla a hankali, "Kin san da wannan?"

Ta share hawaye da bakin mayafi. "Ni ke wanke kwanonin da yake turawa ƙarƙashin gado. Na yi faɗa, na yi kuka, bai bari ba. Ya ce tuwon Yaya ɗanɗanon hannun mahaifiyarsu ne. Da ciwo ya tsananta ya roƙe ni kada in bari ta san tuwonta ne ke ƙara masa ciwon, don ba za ta yafe wa kanta ba."

"Ko da za a raba ki da 'ya'yanki?"

"Amana ya ba ni, Malam."

Alƙali ya dubi matan biyu. Ya ce, "Yara suna wajen uwarsu. Ajali kuwa na Allah ne, ban ɗora shi a kan kowa ba. Amma Kande, sau uku kika nemi ruwa tun zamanmu nan, yawan ƙishirwa kuwa alamar ciwon sukari ce, kuma yana bin jini. Gobe ki ga likita. In ya same shi a jikinki, daga kaskon Tasalla za ki riƙa ci, in ta yarda."

Tasalla ta ce, "Kaskon na nan, Yaya. Tun rasuwarsa ban iya ɗora shi a wuta ba."

Kande ta kama hannunta, ta fashe da kukan da bai tsaya ba har aka tashi.

Masu hankali suka ce: mai ƙaunar majinyaci ya tambayi ciwonsa kafin ya tambayi kwaɗayinsa.