Ranar Da Mama Odile Ta Kai Ƙarar Kanta

Akwai wata mata a wani ƙaramin gari na kudancin Louisiana mai suna Odile Fontenot, amma babba da yaro Mama Odile suke ce mata. Gidan rainon yara gare ta a bayan cocin Katolika. Ta daɗe a wannan aiki, har wasu da ta goya suna jarirai su ne yanzu suke kawo mata nasu 'ya'yan.

Iyayen yaranta ba masu hali ba ne. Wasu a masana'antar gyaran jatan lande suke aiki, wasu a gidan kula da tsofaffi, kuma da yawansu ba su da mota. Shi ya sa ta sayi 'yar ƙaramar bas da take zagayawa kowace safiya tana kwaso yara.

Direban bas ɗin ƙaninta ne, Alcide. A da a rijiyar mai ta cikin teku yake aiki, sai ya ji ciwo a baya aka sallame shi. Ya yi shekaru a zaune, ya rame, ya daina shiga mutane. Wannan tuƙin ne ya dawo masa da fara'arsa. Yara suna hango shi za su hau ihu, "Kawu Alcide! Kawu Alcide!"

Dokar masu ba da lasisi a kan bas a bayyane take. Idan an iso, direba zai taka har kujerar ƙarshe ya duba ko'ina kafin ya kulle. Sannan wani babba zai tsaya a bakin ƙofa ya tabbatar duk yaron da aka ɗauko ya shigo. Odile ce take tsayawa.

Wata Litinin a watan Agusta, gari ya tashi da zafi tun da sassafe. Bas tana tsayawa matar Alcide ta kira shi a rikice, wai mahaifiyarta ta faɗi a banɗaki. Ya sauke yara da waya a kunne, ya ja ƙofa ya kulle. Daidai lokacin wani yaro ya yi amai a zaure, Odile ta bar bakin ƙofa ta bi ta kansa.

Earline mai girki ce ta fita zubar da shara bayan ta ɗora tukunyar jan wake. Tana wucewa ta gefen bas sai ta ji wani siririn kuka kamar na ɗan mage. Ta leƙa ta taga, sai ta saki jakar sharar ta ƙwala ihu.

Noemie ce, 'yar Latrice Guillory, yarinyar da ba ta cika shekara biyu ba. Barci ya ɗauke ta a kujerar ƙarshe, ɗaure da ɗamararta.

Odile ba ta san lokacin da ta iso wurin ba. Ta ciro yarinyar, jikinta zafi rau, rigarta ta jiƙe sharkaf da gumi. Ta shige da ita ɗakin girki gaban na'urar sanyaya ɗaki, ta tuɓe ta, tana goge ta da tawul mai sanyi, tana ba ta ruwa kaɗan kaɗan. Can yarinyar ta daina kuka. Ta miƙa hannu tana neman biskit.

Alcide ya jingina da bango ya zame har ƙasa, ya rufe fuska da hularsa.

Earline ta tura ƙofa ta rufe, ta rage murya. "Mun gode Allah. To yanzu ku saurare ni. Mu uku ne kaɗai muka san wannan abu. Yarinya ba ta iya magana ba. Ga ta nan tana cin biskit. A canza mata riga, shi ke nan."

Odile ta ci gaba da shafa bayan Noemie.

"Yaya," in ji Alcide. "Kin san idan maganar nan ta fita na gama. Ba wanda zai sake ba ni mota. Kuskure ne, Yaya. Ban taɓa yi ba."

"Na sani."

"Ke ma fa ba za su bar ki ba," in ji Earline. "Matar nan Ardoin ta ofishin lasisi za ta zo da jakarta, ta rufe mana gida. Yaran nan ina za su? Ki yi tunanin iyayensu."

Odile ta dubi ƙaninta. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ta san abin da wannan aikin yake nufi a wurinsa, ta kuma san Earline ba mugunta take nufi ba. Sai ta dubi yarinyar da ke kan cinyarta, ƙumatunta har yanzu jajir.

"Earline, ke likita ce?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Ni ma ba likita ba ce. Ban san abin da zafin nan ya yi mata a ciki ba. Idan anjima a gida ta fara shiɗewa, uwarta za ta tsaya gaban likita tana cewa ba abin da ya same ta yau. Saboda mun ɓoye mata. Miƙo min wayata."

Ta kira Latrice a wurin aiki, ta faɗa mata komai ba tare da kwana-kwana ba, ta ce su haɗu a asibiti.

Latrice ta iso da farar hular masana'anta a kanta. Ta fizge 'yarta ta ƙanƙame. Likita ya duba yarinyar, ya ce an ci sa'a, ruwan jikinta ne ya ragu, amma da an ƙara jimawa da labari ya sha bamban.

A farfajiyar asibiti Latrice ta juyo. "Mama Odile, ke kika raine ni. Ke kika koya min ɗaure takalmi. Na ba ki 'yata, kika manta ta a mota kamar jakar kayan miya?"

"Haka aka yi, Latrice. Ba ni da abin cewa sai haƙuri."

"Ki riƙe haƙurinki. Ba za ki sake ganinta ba."

Odile ta tsaya har suka ɓace mata. Sannan ta zauna a kan benci, ta share hawaye, ta kira ofishin ba da lasisi ta kai ƙarar gidanta da bakinta.

Washegari Madam Verna Ardoin ta iso. Doguwar mata ce mai furfura, ba ta da yawan murmushi, kuma duk masu gidajen raino na yankin suna shakkarta. Ta shiga bas ta zauna a kujerar ƙarshe, ta sa aka rufe ƙofa, ta ɗan jima a ciki. Da ta fito goshinta na ɗigar da gumi.

"Tsawon wane lokaci ta yi a ciki?" ta tambaya.

Earline ta yi caraf. "Ai ba a daɗe ba, ranki ya daɗe. Ɗan lokaci ne kawai."

"Ban sani ba," in ji Odile. "Earline ta riga ta ɗora wake, ta yanka albasa kafin ta fita. Ba ɗan lokaci ba ne."

"Direba bai duba kujeru ba?"

"Bai duba ba. Ni ma ban tsaya a ƙofa ba. Ki rubuta sunana tare da nasa."

Madam Ardoin ta dube ta ta saman tabarau. "Kin san abin da kike jawo wa kanki?"

"Na sani."

"Zan rubuta abin da na gani, ba zan rage komai ba. Zan kuma rubuta cewa ke kika kira mu."

Hukunci ya zo da nauyi. An hana bas fita har sai an ga hali. An haramta wa Alcide ɗaukar yara. An sa gidan a ƙarƙashin sa ido, Madam Ardoin za ta riƙa zuwa duk lokacin da ta ga dama. Sannan aka ba Odile takardar da ke bayanin abin da ya faru, aka ce ta liƙa inda iyaye za su gani.

Earline ta ce, "Liƙa ta can bayan inda ake rataye jakunkuna. Ai nan ma bango ne."

Odile ta liƙa ta a tsakiyar ƙofar shiga, daidai idon mutum.

Da yamma ta tara iyaye a ɗakin wasa. Manya suka zazzauna a kan 'yan kujerun yara, gwiwoyinsu na taɓa ƙirji. Ta ba su labari tun daga farko.

Wani uba mai suna Cedric ya miƙe. "Mama Odile, ina ganin girmanki. Amma tagwayena ma a bas ɗin nan suke. Ba zan iya ba." Ya fita, wasu suka bi shi.

Watannin da suka biyo baya sun yi wa Odile tsanani. Ɗakin jarirai ya kusa zama fayau. A coci wasu suka riƙa kau da kai. Abin da ya fi ci mata rai shi ne Alcide. Ya daina zuwa cin abincin Lahadi, idan ta kira ba ya ɗauka. Matarsa ta aiko mata da saƙo cewa ta sayar da ɗan'uwanta don a ce mata ta gari.

Odile ba ta mayar da martani ba. Tun da babu bas, sai ta koma buɗe gida da asuba don iyaye su samu kawo yara kafin motar masana'anta ta wuce. Ta kafa sabon tsari, duk inda za a motsa da yara sai mutum biyu sun kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya.

Madam Ardoin kuwa ba ta ɗaga ƙafa ba. Yau ta zo lokacin barcin rana, gobe ta zo ana tsakar cin abinci. Ta auna zafin ruwan famfo, ta jijjiga gadajen jarirai, ta ja ƙofar kabad ɗin sabulu ta ga ko a kulle yake.

"Matar nan," in ji Earline, "ko ƙuda ya sauka a tebur sai ta tambaye shi lasisinsa."

"Bar ta ta duba," in ji Odile. "Abin da idona ya saba da shi har ya daina gani, nata yana gani. Zuba mata wake."

"Ba za ta ci ba. Wai doka ta hana."

"To ba ta ruwa."

Wata Asabar da safe Odile ta ji ana buga ƙarfe a tsakar gida. Ta fito ta tarar da Alcide a cikin bas da akwatin kayan aiki. Yana haɗa wata ƙararrawa a jikin kujerar ƙarshe. Da an kashe mota za ta fara ƙara, ba za ta yi shiru ba sai an taka har baya an danna ta.

Bai ɗago ba ya ce, "Na san ba ni zan tuƙa ba. Amma duk wanda zai tuƙa, sai ya zo nan."

Odile ta zauna a kujerar da ke gefensa.

"Kullum sai na yi mafarkin yarinyar nan, Yaya. Da kin bi maganata, da har na mutu ba zan iya kallon Latrice ba. Jiya na je gidanta. Ta bar ni a tsaye a waje, amma ta saurare ni."

"Gobe zan dafa miyar gumbo," in ji Odile. "Ka zo da matarka."

Sanyi ya fara shigowa lokacin da Madam Ardoin ta gwada ƙararrawar da kanta, ta zagaya gidan, ta sa hannu aka mayar wa bas izininta da sabon direba. Da za ta tafi ta tsaya a bakin ƙofa.

"Na daɗe a aikin nan, Madam Fontenot. Yawanci maƙwabta ne suke kiranmu, ko asibiti. Ba kasafai mai gida take kira ba." Ta miƙa mata hannu, suka gaisa.

Bayan 'yan kwanaki, da sassafe, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Odile ta buɗe. Latrice ce, Noemie a kafaɗarta, jakar kaya a hannu. A goshin yarinyar akwai wani ƙulu da ya fara baƙi.

"Me ya same ta?" Odile ta tambaya.

"Ni ma abin da na tambaya ke nan. Wani gidan raino na kai ta a can bakin babban titi. Wuri mai kyau, komai sabo. Shekaranjiya na ɗauko ta da wannan. Na tambayi mai kula da ita, ta ce ba ta sani ba. Na tambayi shugabarsu, ta ce wataƙila daga gida ta zo da shi." Latrice ta gyara riƙon yarinyar. "Daga gida, Mama Odile. Ni da na yi mata wanka da safe."

Odile ta matso ta duba goshin yarinyar.

"Ban huce ba," in ji Latrice. "Kar ki ɗauka na huce. Amma ina tsaye a wurin aiki jiya, sai na gane ban san abin da ake yi da 'yata ba, kuma ba wanda zai faɗa min. Ke kuwa ranar da ba wanda ya gani, kin kira ni."

Noemie ta riga ta miƙa hannuwa tana zillo. Latrice ta ɗan ƙara riƙe ta, ta sumbaci kanta, sannan ta miƙa ta.

"Ba ta ci komai ba," ta ce. "Kuma ba za ta hau bas ba tukuna. Ni zan riƙa kawo ta."

"Duk yadda kika ce," in ji Odile, ta rungume yarinyar ta matsa gefe don uwar ta shigo.

Darasi: Ba a gane mai amana ranar da komai yake tafiya daidai. Ana gane shi ne ranar da ya yi kuskure, ba wanda ya gani, kuma faɗin gaskiya zai ja masa asara. Idan an ba ka amanar ɗan wani, kada ka ɓoye wa iyayensa komai, kada kuma ka ɗauki mai zuwa duba aikinka a matsayin maƙiyi. Ku tura wannan labari ga iyaye, da malamai, da direbobin makaranta, da duk wanda ake bar wa yara a hannunsa.